Wa muke ba makullin kwamfutar ƙungiya da sunan difrag?



Kwanakin baya na shiga ofishin ƙungiya in karɓi rasit ɗin kuɗin wata, sai na tarar da wani matashi zaune a kujerar sakatare, kwamfutar ƙungiya a gabansa, ya soka mata filash ɗinsa. Sakatare yana waje yana alwala. Na tambayi yaron me yake yi, ya ce kwamfutar ce ta yi nauyi, an ce ya zo ya yi mata difrag ta dawo da gudu. A kan allon kuwa ga akwatin nan da Windows ke fitarwa, mai tambayar ko an yarda wannan manhaja ta yi canje-canje a cikin na'urar. Kafin in gama karantawa ya danna amincewa.

Ban san yaron da wani mugun hali ba, kuma ba don in ɓata shi na kawo zancen ba. Mu muka kira shi, mu muka ba shi kujera. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Abin da ya hana ni barci shi ne tunanin abin da ke cikin kwamfutar: sunayen mambobi da lambobin wayarsu da unguwannin da suke zaune, hotunan katin NIN da muka tara lokacin rajista, jerin zawarawa da marayun da ake ba tallafi da azumi, wanda ya ci bashin asusu bai biya ba, da takardun sulhun da dattawa suka yi tsakanin miji da mata. Mu da muke zaune nesa da gida mun san nauyin takardar da ta ƙunshi sunan kowa da inda yake kwana. Ra'ayina shi ne mu daina barin kowa ya saka wa wannan kwamfuta manhajar difrag ko ta shara daga waje, kome kusancinsa da mu. Ga dalilaina.

Mu fara da abin da difrag ɗin yake, don da yawanmu sunan kawai muke ji a bakin masu gyara. Tsofaffin kwamfutoci suna ajiye bayanai ne a kan faifai mai juyawa, wanda masu gyara ke kira had-dis. A cikinsa akwai faranti da ke zagayawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wani hannu mai kamar allurar garmaho da ke kai da kawo yana karantawa. An yanka faifan zuwa ƙananan gurabe, a Windows yawanci kowane gurbi kilobayit 4 ne. Idan ka ajiye fayil, sai a nema masa guraben da babu kowa. Yau ka goge wannan, gobe ka ƙara wa wancan shafi, jibi ka zuba hotunan taro, a hankali sai fayil ɗaya ya rarrabu gida ashirin, kowane gutsure a nasa lungun. Allurar sai ta yi ta tsalle kafin ta haɗo maka takarda ɗaya. Nauyin da ake ji ke nan. Difrag shi ne a tattaro waɗannan gutsattsarin a jera su kusa da juna.

Duk wanda ya taɓa ajiye kaya a sito a Mile 12 ya san wannan. Buhunan albasar mutum ɗaya, biyar a bakin ƙofa, uku a ƙurya, bakwai a ƙarƙashin na wani, saboda kowane lodi inda aka samu fili aka sauke shi. Ranar da mai kaya zai kwashe sai an sha wahala. Sai a kira ɗan dako ya jera kayan kowa wuri guda. Aiki ne mai amfani, ba na musu. Amma a lura da abu ɗaya: ɗan dakon da zai jera sito ba kayan mutum ɗaya zai taɓa ba, na kowa zai ɗaga, don haka makullin sito gaba ɗaya ake miƙa masa.

A nan maganar izini ta shigo. Tsarin ajiyar fayil na Windows, wanda ake kira NTFS, yana liƙa wa kowane fayil wata 'yar takarda da ke cewa wane na iya karanta shi, wane na iya canza shi, wane ko buɗewa ba zai yi ba. Da wannan ne ma'aji zai iya samun folda da magatakardan wucin gadi ba zai leƙa ba, alhali kwamfuta ɗaya suke amfani da ita. Manhajar difrag kuwa aikinta a ƙarƙashin waɗannan takardu yake, a kan faifan kansa. Shi ya sa ba ta tashi sai da ikon admin. Kada a ɗauka irin admin ɗin zauren WhatsApp ne da iyakarsa ya cire mutum ko ya goge saƙo. Admin na kwamfuta yana iya karanta fayil ɗin kowa, ya ƙwace mallakarsa, ya kashe rigakafin ƙwayar cuta, ya buɗe sabon asusu a ɓoye, ya dasa abin da zai riƙa tashi duk sanda aka kunna na'urar. Kamfanin Microsoft da kansa, a bayanin da ya yi kan izinin kula da faifai, ya ja kunnen masu ba da shi, domin mai riƙe da shi na iya kaiwa ga bayanan da ba nasa ba. Shi ya sa tun asali admin kaɗai aka bar wa shi.

Akwatin da yaron nan ya danna ba shi da zaɓin "na yarda ka jera buhu amma kada ka kwance bakinsa". Amsa biyu ce, e ko a'a. Da ka ce e, an gama.

To, yaya manhajar kirki take yin aikin? Tun Windows NT 4.0 ta 1996 Microsoft ya tanadi wata ƙofa ta musamman don difrag. Manhajar takan tambayi tsarin ajiya ina gutsattsarin fayil kaza suke, ina kuma ake da fili, sannan ta ce a ɗauke wannan a kai can. Windows ce da kanta ke ɗagawa ta sauke. Manhajar ba ta da buƙatar sanin abin da aka rubuta a ciki, kuma takardar izinin fayil ba ta canzawa. Manhajar da ta zo tare da Windows ta wannan ƙofa take bi, na wasu kamfanoni na kirki ma nan suke bi. Ke nan wadda ke cikin filash ɗin mai gyara ba ta da wani asiri da ta Windows ba ta da shi. Iyakarta ta fi ta ado, ta nuna maka ƙananan akwatuna ja da shuɗi suna motsi, ka ji daɗi a ranka cewa ana aiki. A kan wannan adon muke ba da makullin sito.

Wani zai ce ai ina kambama abu ne. Bari in kawo abin da ya faru ga mutanen da suka fi mu sanin kwamfuta nesa ba kusa ba.

A duniyar Linux, wadda yawancin manyan na'urorin intanet ke gudana a kanta, akwai tsarin ajiya mai suna XFS, wanda kamfanin Silicon Graphics na Amurka ya ƙirƙira. Manhajarsa ta difrag, xfs_fsr, hanyarta daban ce da ta Windows: takan kwafi fayil zuwa wani wuri na wucin gadi a jere, sannan ta musanya tsohon da sabon. A 2007 aka gano cewa foldar wucin gadin da take buɗewa ba ta da makulli na kirki. Duk mai ƙaramin asusu a kan na'urar zai iya amfani da wannan ɓaraka ya karanta fayilolin wasu, ko ma ya rubuta a kansu. Wato ɗan dako ya fito da buhunanka waje don ya gyara musu wuri, ya bar su a bakin hanya ba mai tsaro. Fayil ɗin yana kulle a inda yake, yana kulle a inda za shi, a tsakiyar tafiya ne ya zauna tsirara.

Shekara biyu bayan haka, a ƙarshen 2009, aka sake samun makamancin wannan a wani tsarin ajiyar Linux ɗin, ext4. Umarnin da aka tanada don musayar gurabe lokacin difrag bai tantance da kyau ko mai nema yana da izinin rubutu a kan fayil ɗin ba, sai ya zama mai ƙaramin asusu na iya lalata fayil ɗin da ba shi da hurumin taɓawa. Duka biyun an toshe su. Amma a duba su wa abin ya samu: masana ne da ke aiki a fili, rubutun manhajarsu kowa na iya dubawa, kuma ba wanda ya yi da mugun nufi. Kuskure ne kawai a wurin da kaya ke canza hannu. Idan haka ta faru a can, me za mu ce game da manhajar da aka sauko da ita daga shafin da ba a san mai shi ba, aka fasa makullinta don kada a biya kuɗi, ta bi ta kwamfutoci hamsin a filash ɗaya kafin ta iso ofishinmu? Wanda ya fasa manhaja ya raba kyauta, ya riga ya nuna maka cewa ya iya canza cikinta. Abin da ya ƙara bayan cire makullin, shi kaɗai ya sani.

Ko ta asalin ma ba ta tsira ba. A 2017 ɓarayin intanet suka kutsa cikin kamfanin Piriform, masu manhajar shara ta CCleaner, kuma su ne masu manhajar difrag ta Defraggler. Suka cusa guba a cikin CCleaner fitowa ta 5.33, aka yi ta raba ta daga shafin kamfanin na gaskiya, da sa hannun kamfanin na gaskiya, tsakanin watan Agusta da Satumba. Kamfanin Avast, wanda ya sayi Piriform a shekarar, ya ce kimanin mutum miliyan 2.27 ne suka saka ta. Waɗannan mutane ba su yi ganganci ba, sun bi hanyar da ake cewa a bi. Irin wannan manhaja kuwa ana ba ta iko da hannu bibbiyu. Duk manhajar da ka ƙara mai neman ikon admin, ƙofa ce ka ƙara wa gidan, kuma tsaronta ba a hannunka yake ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, sau da yawa aikin ma ba a buƙatarsa. Tun Windows Vista ta 2007, Windows na yin difrag da kanta mako-mako ba tare da an ce mata ba. Gaskiya ne, kwamfutar da ake kunnawa awa biyu ranar Lahadi idan an tayar da janareta ba lalle ta samu sukunin yi ba. Maganin wannan mai sauƙi ne: sakatare ya rubuta defrag a akwatin bincike na Windows, manhajar gida za ta fito, ya zaɓi faifan ya ce ta gyara, ya bar ta ta gama. A tabbatar akwai fili, don Microsoft ya ce sai da aƙalla kashi 15 cikin ɗari na faifan a sake aikin ke kammaluwa yadda ya kamata. Wannan manhajar kuma za ta nuna maka irin faifan da kake da shi. Idan SSD ne, kamar yadda yake a yawancin kwamfutocin cinya na yanzu, to babu faranti babu allura, ko'ina fayil yake lokaci kusan ɗaya ake ɗauka a kai gare shi. Tilasta masa difrag rubutu ne na banza da ke cin rayuwarsa. Windows ta san bambancin, tana yi masa irin kulawar da ta dace da shi. Ina ganin rabin kwamfutocin da muke cewa sun yi nauyi, ƙarancin RAM ne ke damunsu, ko tarin manhajojin da ke tashi tare da na'urar, ko ƙurar da ta toshe fanka, ko faifan ne ya fara mutuwa. Na ƙarshen nan kuwa, idan ka sa shi aikin difrag na awoyi kafin ka kwafe kayanka, kana iya ƙarasa shi.

Wayoyinmu ma haka. Babu wayar Android da ke da faifai mai juyawa, don haka duk manhajar da ta ce za ta yi wa wayarka difrag ta ƙara mata gudu, tatsuniya take maka. Amma za ka ga ta nemi izinin shiga dukkan fayiloli, wanda tun Android 11 ta 2020 aka ware shi daban saboda girmansa. Wasu har lambobin waya da saƙonni suke nema. Me ya haɗa shara da lambar surukarka? Mun ga abin da izini irin wannan ya jawo a hannun manhajojin ba da bashi, yadda suka riƙa tura wa 'yan uwan mutum saƙon cin mutunci, har sai da hukumar FCCPC ta sa baki, Google ma a 2023 ya hana su taɓa lambobi da hotunan mutane. Ba ƙarfi suka yi suka shiga ba, mu muka danna musu amincewa. Na kawo zancen waya ne domin ma'ajinmu da sakatarenmu a wayoyinsu suke karɓar hotunan rasit da katunan mambobi.

Na san abin da wasu dattawanmu za su ce, don an riga an faɗa mini: yaron nan ɗanmu ne, a gabanmu ya tashi, zargin me za mu yi masa? Ni ban zarge shi ba. Shi kansa bai san abin da ke cikin filash ɗinsa ba, wani ne ya tura masa, wancan ma wani ya tura masa. Kuma ko don shi ya kamata mu gyara. Ranar da sunan wata baiwar Allah mai karɓar tallafi ya fita gari, ko aka kira wani mamba aka karanto masa lambar NIN ɗinsa aka ce daga banki ne, wa za a fara nunawa da yatsa? Wanda aka gani a kujerar sakatare. Idan ba a taɓa ba shi makullin ba, ba mai iya ɗora masa. Ai ma'aji ma ba don ana zarginsa ake sa mutum biyu su sa hannu a cak ba.

Wasu kuma za su ce ba mu da abin ɓoyewa. Ƙungiya ba ta da shi, watakila. Matar da ta zo ta faɗa wa kwamiti halin da gidanta ke ciki tana da shi, kuma ba ta ba mu izinin yafe mata sirrinta ba. Ban da amanar da addini ya ɗora mana, akwai dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita. Dokar ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane nauyin tsare su. Mu da muka buga fom muka ce kowa ya kawo katinsa, mun shiga sahun masu tattarawa, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Dole in faɗi iyakar maganata, don kada wani ya raba asusu ya koma ya yi barci. Takardar izinin NTFS tana aiki ne muddin Windows ɗin ce ke gudana. Wanda ya tafi da kwamfutar shagonsa zai iya cire faifan ya jona a wata na'ura, ko ya tayar da ita da wani tsarin daga filash, ya karanta komai ba tare da ya san kalmar sirri ba. Haka nan fayil ɗin da aka kwafa zuwa filash mai tsarin FAT32 ko exFAT, kamar yadda yawancinsu suke zuwa daga kanti, ya bar takardar izininsa a baya, duk wanda ya tsinci filash ɗin ya samu. Abin da ke tare wannan shi ne a kulle faifan gaba ɗaya da irin su BitLocker, wanda ke rikita bayanan yadda ba mai karantawa sai da makulli. Shi ma yana da nasa haɗarin: makullin ceto lamba 48 ne, idan ya ɓace kuma na'urar ta nema, kayan sun tafi ke nan, ko Microsoft ba zai buɗe maka ba. Idan za mu yi, sai an rubuta lambar a takarda, kwafi ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji.

Da na duba kwamfutar tamu bayan yaron ya tashi, asusu ɗaya ne a kanta, na admin, kalmar sirrinsa kuma na manne a gefen allo da salatif. Da shi sakatare ke buga wasiƙa, da shi yaran makarantar dare ke koyon rubutu, da shi ake kallon ƙwallo. A irin wannan hali duk maganar izini ba ta da amfani, don kowa admin ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, namu kuwa ko bangon ba mu gina ba. Kuma Windows 10 ce a kanta, wadda Microsoft ya daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025. Wannan wata magana ce ta kuɗi da za a yi daban.

Abin da zan kawo a taron ƙarshen wata ba ya cin ko sisi. A buɗe wa sakatare da ma'aji kowa nasa ƙaramin asusun na aikin yau da kullum, a buɗe wa yara nasu da ba ya ganin foldar ƙungiya. Kalmar sirrin admin ta zauna wurin mutum biyu, a cire ta daga jikin allo. Da haka, duk sanda wata manhaja ta nemi iko, akwatin zai tsaya sai ɗayansu ya zo ya rubuta kalmar da hannunsa, kuma ya tambaya me za a saka, daga ina. Idan gyara ya kama, mai gyara ya zo ofis, wani ɗan kwamiti ya zauna kusa da shi har ya gama, a kuma kwafe foldar mambobi zuwa wani faifan da ke cikin durowa mai makulli kafin a fara. Idan dole sai an kai ta shago, a kwashe foldar daga ciki tukuna. Ita kuma manhajar da aka saka rannan, cire ta kawai ba zai gamsar da ni ba, tunda ta riga ta samu ikon admin. Na fi son a kwafe takardunmu, a goge kwamfutar a sake ɗora Windows daga tushe, a canza kalmar sirrin imel da ta wannan shafin namu na Facebook, tunda duka a kanta ake buɗe su. Akwai ɗalibanmu biyu da ke karatun kwamfuta, na yi musu magana, sun ce za su zo ranar Asabar bayan La'asar idan shugaba ya amince.